Akawal da Farar Allura: Nazarin Wani Lamari a Bargar Dawaki a Kebbi

Wayar ta shigo saura kamar minti arba'in a sha ruwa. Azumi ya kai goma sha takwas, cikin shekarun nan da watan ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da a Birnin Kebbi ma'aunin zafi kan haura 40 tun kafin azahar. Muryar Alhaji ce, amma ban taɓa jin ta tana rawa haka ba.

"Likita, allurag ga taka ta haukata min doki, ta karya min yaro! Ga shi nan ƙasa shina shure-shure."

Na ce, "Ranka shi daɗe, kowa ya ja baya. Kada a riƙe shi, kada kuma a ba shi komi ta baki. Ga ni nan tahe."

Ihun da ke bayansa ya danne ƙarshen maganata. Garin nasu yana kan hanyar Argungu, tafiyar kusan minti arba'in da biyar a mota, don haka a hanya na sha ruwa da dabino biyu. Na sakaya sunan garin da na mutanen gidan. Dokin kaɗai zan kira yadda ake kiransa, Akawal, saboda baƙi ne wuluk.

Abin da ya kai ga allurar

Ingarma ne ɗan shekara bakwai, ɗaya daga cikin dawaki uku da Alhaji ke kiwo don hawan sallah. Kwana huɗu kafin wannan wayar an fita da shi kilisa da yamma, babur ya razana shi, ya afka wa shingen langa-langa. Kwanon ya yanke shi a gaban ƙirji, wajen dama, yanka mai zurfi. Sai washegari aka kira ni, bayan an riga an shafa wa wurin baƙin mai. Na tarar ya kumbura, zafin jikinsa 39.2, alhali lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5. Na wanke raunin, na bar ƙasansa a buɗe don ruwa ya riƙa tsiyayewa, na yi masa allurar kariya daga cutar sandarewar jiki, wadda doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da ita.

Irin wannan rauni yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma penisilin shi ne na farko da likitan dawaki zai ɗauko. Har yau ban ga laifin wannan zaɓin ba. Ba mu da sikelin doki, sai na auna da tef: kewayen ƙirji santimita 160, tsawon jiki 150. Idan aka ninka kewayen da kansa, aka ninka da tsawon, aka raba da 11,880, ana samun kilo 323. Ma'aunin penisilin mai furoken (farar allurar nan da aka haɗa da wani maganin kashe zafi) a doki shi ne awo 22,000 ga kowane kilo, safe da yamma. Kwalbar da na kawo tana da awo 300,000 a kowace mililita, ke nan mililita 24 a kowane lokaci. Na ce a raba biyu, 12 nan 12 can, a riƙa zagayawa tsakanin ɓangarorin wuya biyu da tsokar bayan cinya, tunda ƙirji ya samu rauni. Kwana biyar.

Ni na yi ta farko. Sauran na bar wa yaron barga, saurayi ɗan kimanin shekara ashirin da ya saba yi wa raguna da bijiman gidan allura. Na nuna masa sau ɗaya, ya ce ya gane, ni kuma ana jirana a wata gona. Ban sa ya yi a gabana ba. Ban tambayi inda kwalbar za ta kwana ba.

Ran kwana na uku da yamma yaron ya buga min waya, ya ce bayan allurar dokin ya yi huci, ya ɗaga kunnuwa, jikinsa ya ɗan yi ɓari kamar na minti guda, sannan ya koma cin harawarsa. Na ce zafin tsinin allura ne, ya ci gaba. Wannan amsar ita ce ta fi ci min rai a duk lamarin.

Minti huɗu da daƙiƙa goma

Labarin allura ta bakwai na haɗa shi ne daga bakin mutum uku: yaron bargar, da Baba, dattijon da ke kula da dawakin gidan tun zamanin mahaifin Alhaji, da ɗan Alhaji, wanda ya ɗauki abin a wayarsa. Yaran yanzu da ɗaukar hoto a lokacin da ya kamata su gudu, na sha yin faɗa a kai, amma ranar bidiyonsa ya fi kowace shaida amfani.

Bayan la'asar ne. Akawal na ɗaure a turke da ragama, da dabaibayi a ƙafafun gaba. Yaron ya daina taɓa cinya tun rana ta biyu saboda harbi, kuma gefen dama na dokin yana jikin katanga, saboda haka duk allurai shida da ya yi a wuyan hagu suka sauka, a fili ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Sirinjinsa na mililita 20 ne. Sai ya soka, ya tura na farko, ya cire sirinjin ya bar tsinin a jiki, ya sake ɗebowa, ya mayar. Tsakanin haka dokin ya fizgi kai don ƙuda. Yaron bai ja sandar sirinjin baya ya duba jini ba, ya tura kawai.

Bai gama turawa ba Akawal ya ɗaga kai sama, ya yi wani irin huci, idanu suka firfito. Ya ja da baya har ragamar ta tsinke, ya miƙe kan ƙafafun baya, dabaibayin ya kayar da shi. Ya tashi ya nufi katanga gadan-gadan kamar ba ya ganinta. A nan yaron ya yi abin da kowane yaron barga mai kishin aikinsa zai yi: ya cafki guntun igiyar ya naɗe a hannu. Dokin ya maka shi da bango, ƙashin da ya haɗa kafaɗarsa da ƙirji ya karye.

Faɗuwa ta biyu Akawal ya kwanta ta gefe yana shure-shure, zufa ta jiƙa shi sharkaf, tsokar jikinsa na rawa. Maza biyar suka danne wuyansa. Baba ya ce dafi ne, a kawo manja da madara a karya shi. Aka ɗaga kan dokin, aka cusa kwalba ta gefen baki, aka yi masa ɗura. A bidiyon ana jin tarinsa, ana ganin jan mai na fitowa ta hanci. Can sai shure-shuren ya lafa, mutane suka sake shi, ya zauna kan ƙirji, ya miƙe yana tangaɗi. Daga faɗuwar farko zuwa miƙewa, minti huɗu da daƙiƙa goma.

Baba ya ce manjan ne ya tashe shi. Duk wanda ke wurin ya yarda, don da idonsu suka gani: an ɗura, ya tashi.

Abin da na tarar

Na iso bayan magariba. An tafi da yaron wurin mai ɗori. Akawal na tsaye kansa a ƙasa, zufar ta fara bushewa ta bar farin gishiri a baƙar fatarsa. Bugun zuciya 56 a minti, na lafiyayye kuwa 28 zuwa 44. Numfashi 28, maimakon 8 zuwa 16. Zafin jiki 38.9. Dasashinsa ja-ja ne mai kyau, idan na danna da yatsa launin na dawowa kafin daƙiƙa biyu. Hanji na motsi ta ɓangarorin biyu. Ya ƙuje saman ido da gwiwoyi, leɓensa ya fashe. Na bi fatarsa da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya ina neman ƙurajen borin jini, ko ɗaya babu. Fuska ba ta kumbura ba, hanci a buɗe, numfashin ba ya shaƙewa. Ya gane Baba, ya miƙa baki wajen dusa.

Wuyan hagu kuwa ya yi tauri da zafi, yana ƙin a taɓa. A bakin hancinsa akwai manja, kuma in ya ɗan motsa sai ya yi tari.

Furoken ne ko borin jini?

Wannan ce tambayar da komai ya rataya a kanta. Mutanen gidan sun taƙaita ta da cewa allurar ba ta karɓe shi ba, wasu maƙwabta sun ce jabu ce, wata tsohuwa ta ce baki ne, don dokin ya cika kyau ga sallah ta matso. Amma farar allurar nan abu biyu ne a haɗe, kuma kowanne da irin ɓarnarsa.

Akwai penisilin ɗin kansa, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928. Sannan akwai furoken, maganin kashe zafi da Alfred Einhorn ya haɗa a Jamus a 1905, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. An aurar da su ne don penisilin shi kaɗai ba ya daɗewa a jiki, sai an riƙa maimaita shi duk bayan awa shida. Haɗe da furoken sai ya zama farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, ya zauna cikin tsoka yana narkewa a hankali. Wajen kashi 40 cikin 100 na nauyin haɗin furoken ne. Ke nan a kowace mililita ta kwalbar Akawal akwai miligiram 120, a mililita 24 kuwa kusan giram uku.

In ya shiga jini sannu a hankali, wasu sinadarai da ke cikin jinin suna farfasa shi kafin ya taru. In ya faɗa jijiya kai tsaye, 'yan mililita kaɗan sun isa su kai ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kuma doki yana cikin dabbobin da furoken ke saurin tayar wa ƙwaƙwalwa. Abin da ke biyo baya firgici ne tsantsa: huci, ja da baya, gudu ba gani, rawar jiki, faɗuwa, shure-shure. Yana farawa cikin daƙiƙoƙi, kuma da zarar jini ya farfasa furoken ɗin, cikin 'yan mintuna, sai ya wuce da kansa. Mutane ma yana samunsu. Wani likitan Suwizalan, Rolf Hoigné, ya bayyana shi a 1959: marar lafiya kan ji ƙara a kunne, ya ga abin da babu, ya ji kamar mutuwa ce ta zo. Manyanmu da suka sha allurar PPF, wadda ita ma penisilin ce mai furoken, a zamanin da take tashe, wasunsu za su tuna wanda ya diro daga gadon allura yana salati. To a ɗauki wannan tsoron a zuba wa dabba mai kilo 323 wadda duk dabararta ta tsira gudu ce.

Borin jini mai tsanani kuwa jiki ne ke yaƙi da penisilin ɗin kansa, bayan ya taɓa haɗuwa da shi. A doki huhu da hanji ya fi kamawa. Numfashi ya shaƙe, dasashi ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, bugun jijiya ya raunana, sau da yawa ƙuraje su feso, fuska ta kumbura, zawo ko ciwon ciki ya biyo baya. Dokin yana faɗuwa ne don jini ya daina kai masa, kuma in ba a yi masa allurar adirenalin, mai farfaɗo da zuciya da buɗe numfashi, da gaggawa ba yana iya tafiya a wurin. Ba kasafai yake tashi bayan minti huɗu ya nemi dusa ba.

A daƙiƙoƙin farko su biyun suna iya kama da juna, shi ya sa ake ruɗewa. Wani rahoto daga Ostireliya a 1988 ya kawo dawaki 11 da suka samu matsala bayan wannan allurar, biyar suka mutu. Alamomin yawancinsu sun nuna ƙwaƙwalwa ce ta tabu, ko da yake binciken gawar ɗaya ya nuna borin jini. Don haka ba na raina na furoken. Yana kisa, ko ta farfaɗiyar kanta ko ta karyewar wuya da ƙafa a gigice.

A kan Akawal hujjojin sun taru wuri guda. Ya fara tun tsinin na jikinsa. Firgici da gudu ne suka zo gaba, numfashi bai shaƙe ba. Fata da dasashi lafiya lau. Ya warware da kansa. Ga gajeren gargaɗin da ya yi ran kwana na uku, wanda na yi watsi da shi. Na rubuta a katinsa cewa furoken ne ya shiga jini.

Bambancin yana da amfani a aikace. Adirenalin da ke ceton mai borin jini, wanda ake ba doki kamar Akawal wajen mililita 3 a tsoka daga kwalbar miligiram 1 a mililita, ba shi da aikin yi a firgicin furoken, zuciyar da ke tsalle ma zai ƙara wa tsalle. Diyazifam kuma, maganin kwantar da ƙwaƙwalwa, wani gwaji da aka yi a Ostireliya a 1992 ya nuna yana hana alamomin idan an riga an ba shi kafin furoken ya shiga. Bayan abin ya fara, wa zai nemo jijiyar dokin da ke dukan katanga? Maganin waɗannan mintunan shi ne a fita daga bargar, a janye abin da zai ji masa ciwo in ana iya yi daga nesa, a yi shiru, a jira.

Kwalbar da wuyan

Na ce a kawo min kwalbar. Ɗan Alhaji ya ɗauko ta daga kan tagar ɗakin sirdi, ɗaki mai rufin kwano da ke fuskantar yamma. Bayan isha'i ne amma har lokacin da ɗumi a jikinta. A takardarta an rubuta a ajiye tsakanin 2 da 8 a ma'aunin zafi. Gidan da firij, amma wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, kuma uwargida ta ce ba a haɗa mata maganin dabba da kayan buɗa baki.

Gwajin nan na 1992 ya duba wannan ma: da aka ɗumama kwalaben zuwa 50, furoken da ya narke ya rabu da penisilin ya ƙaru. Tagar ɗakin kwano a Kebbi cikin bazara ba ta da nisa da wannan. Abin da ya kamata ya zauna cikin tsoka yana fita kaɗan-kaɗan ya zama ruwa mai saurin shiga jini. Na duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, duk daidai. Maganar jabu ba ta taso ba, kwalbar kirki ce aka dafa a taga.

Inda babu wuta, ina ba masu dawaki shawarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba ta kai sanyin firij ba, amma tsakaninta da taga akwai nisa. Ko gindin randa ya fi.

Sai wuyan. Wurin allura a wuyan doki fili ne mai kusurwa uku: ƙasa da jijiyar geza, sama da ƙasusuwan wuya, gaba da allon kafaɗa. Tsokar da aka yi ta soka tana kumbura, jini ya ƙaru a wurin, don haka allura ta bakwai ta fi ta farko haɗarin faɗawa jijiya. Tsokar ta yi tauri, maganin na da kauri, sai an matsa da ƙarfi. Ga tsinin da aka bari a jiki dokin ya fizga ya gusar da shi. Ƙa'idar ita ce a girgiza kwalbar sosai, a soka tsinin shi kaɗai a ga ko jini zai ɗigo, a haɗa sirinji a ja baya, a tura a hankali, in dokin ya motsa a sake ja. Farin maganin yana ɓoye ɗigon jini, sai an duba gindin tsinin da kyau cikin haske. Duk da haka, ko ƙwararre yana iya yin komai daidai abin ya faru. Shi ya sa nake ƙara cewa a cire dabaibayi, a fitar da dokin fili, mai riƙo kuma kada ya taɓa naɗe igiya a hannu.

Allura ta tono garma

Firgicin furoken ya ƙare tun kafin in baro Birnin Kebbi. Abin da ya kusa kashe Akawal ɗurar ce. Dokin da ke kwance yana shure-shure ba ya haɗiya, in kuma an ɗaga kansa sama an buɗe wa ruwa hanyar huhu ke nan. Na gaya wa Alhaji a daren cewa a sa ido, dokin ya ƙware.

Bayan kwana biyu zafinsa ya kai 39.8. Ya daina cin dawa, numfashi ya yi sauri, majina mai wari ta fara fitowa. Da na saurari ƙirjinsa, ƙasan huhun dama ta gaba yana ƙara kamar ana murza leda. Yanzu ga doki da ke bukatar maganin ƙwayoyin cuta fiye da kwanakin baya, ga mai shi ya rantse ba a ƙara soka masa farar allura.

Wani abokin Alhaji ya zo da kwalbar oksitetirasaikilin mai dogon aiki, wadda makiyaya ke kira LA, ya ce shanunsa ba su san wani magani ba sai ita. Na ce a mayar da ita mota. An haɗa ta ne don shanu da tumaki. A tsokar doki tana kumburi mai zafi, tana kuma iya hargitsa ƙwayoyin babban hanjinsa ta jawo zawon da ke kisa. Haka tailosin da linkomaisin da masu kaji ke ajiyewa, ba na doki ba ne. Cikin doki ba cikin sa ba ne, kuma yawancin kwalaben da ke kasuwannin dabbobinmu da shanu aka yi lissafinsu.

A ra'ayina maganin da ya fi dacewa shi ne penisilin marar furoken, garin nan da ake narkawa a yi ta jijiya. Sai dai duk awa shida ake yinsa, ni ina nesa, yaron barga na kwance da ɗori, Alhaji kuma in ya ji kalmar penisilin sai ya miƙe tsaye. Na haƙura. Na ɗora Akawal kan wani maganin ƙwayoyin cuta, jentamaisin, ta jijiya, miligiram 6.6 ga kilo sau ɗaya a rana, ni da kaina nake zuwa in yi, kwana biyar kawai, saboda yana taɓa ƙoda musamman ga dabbar da ba ta sha ruwa sosai ba a irin wannan zafin. Kullum sai na tambayi bokiti nawa ya sha, na ga launin fitsarinsa. Ta baki kuma Septrin, ƙwaya goma ta miligiram 960 safe da yamma, da Flagyl, ƙwaya 12 ta miligiram 400 sau uku a rana, saboda ƙwayoyin cutar da ke sa majina wari. Da maganin zazzaɓi da kumburi ta jijiya a kwanakin farko.

Baba na ba aikin maganin baki, da gangan. Na zauna da shi a kan tabarmarsa na ce, "Baba, kai ka san dokin ga tun shina dukushi, hannunka kaɗai zai karɓa." Muka daka ƙwayoyin, muka kwaɓa da zuma ya yi kauri, na nuna masa yadda ake shafawa a bayan harshe kan dokin na daidai, ba a ɗaga ba. Wannan karon sau uku na sa ya yi a gabana. Abincinsa a ƙasa, harawa a yayyafa mata ruwa saboda ƙura, don kai a ƙasa yana taimaka wa majina ta fito. Kullum ana taɓa kofatansa ko sun yi zafi, ana duba kashinsa ko ya yi ruwa.

Maganar manja ban yi wa Baba ita a gaban mutane ba. Sai rana ta huɗu, muna mu biyu, ya ce, "Likita, ka ce manjan nan ne yash shiga huhunai?" Na ce shi ne. Ya yi shiru, ya ce ya yi wa dawaki ɗura fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Na ce na yarda, amma a tsaye suke, suna haɗiya da kansu. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Zazzaɓin ya sauka ran kwana na shida. Warin majinar ya ɗauke cikin mako na biyu. Mako uku cur yana shan magani, raunin ƙirjin ma ya cike a cikin wannan lokacin. Na hana a ɗora masa sirdi har wata biyu.

Yaron bargar

Alhaji ya so ya sallame shi. Na same shi a zaure bayan tarawih na ce, "Ranka shi daɗe, laifi tudu ne. In za a kori wani, da ni za a fara. Ni na ba shi aikin likita bayan nuni guda, ya kira ni ya gaya min gargaɗin da dokin ya yi na ce ya ci gaba. Shi kuwa da dokin ya tashi, kowa baya ya yi, shi kaɗai ya yi gaba." Alhaji ya ce to kuɗin magani fa, na ce zuwan da nake yi kullum ba zan karɓi ko sisi ba. Na kuma roƙi a kai yaron asibiti a ɗauki hoton ƙashin, ko da ɗorin ya kama. An kai shi.

Na cike takardar rahoton illar magani ta NAFDAC, da lambar kwalbar da yadda aka ajiye ta. A katin Akawal na rubuta da jan biro cewa kada a ƙara yi masa penisilin mai furoken, har da haɗin penisilin da sitireftomaisin da ake sayarwa ko'ina, don shi ma da furoken a ciki. Wani bincike a Suwidin a 2007 ya samu cewa dawakin da suka taɓa irin wannan firgicin, jininsu bai kai na sauran saurin farfasa furoken ba, saboda haka ban ga dalilin sake gwada shi ba. Na yi kwafi biyu, ɗaya na manna a ƙofar ɗakin sirdi.

Ran sallah dawaki biyu suka fita daga gidan. Akawal na turke yana jin kalangu da algaita daga nesa yana tono ƙasa da kofato, yaron na zaune kusa da shi, hannu rataye a wuya da rawanin Baba. Bayan sallah da mako guda goɗiyar maƙwabcinsu ta taka ƙusa aka kira ni. Da na ciro farar kwalba daga cikin kula, yaron ne ya fara magana daga bakin ƙofa, ya ce a kwance mata dabaibayi a fito da ita fili tukuna.